Direban da ba zan sake gani ba, dole ne in biya shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu da suka wuce motata ta lalace da misalin ƙarfe 11 na dare tsakanin Potiskum da Azare, ina tare da maiɗakina da jaririnmu. Wani direban babbar mota mai ɗauke da albasa ya tsaya, ya ɗaura igiya ya jawo mu har cikin gari. Babu kuɗi a jikina, taransifa kuma ta ƙi tafiya, sai na yi masa alkawarin zan tura masa naira 20,000 da safe. Ya ba ni lambarsa na sa a waya. Washegari aka sace wayar a kasuwa. Ban san sunansa ba, ban riƙe lambar motar ba, shi ma bai karɓi lambar wayata ba. Abokina ya ce in manta, tunda aikin ya riga ya wuce, mutumin kuma ba zai taɓa sanin na yi niyyar biya ko ban yi ba. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a kuwa ya ce masana suna da wani nazari kan ciniki tsakanin waɗanda ba su da hanyar magana da juna, kuma nazarin ya nuna biyan shi ne wayo, ko da an ajiye maganar lada a gefe. Ban gane ba. Me nazarin yake cewa, kuma yaya zan yi da kuɗin?

Mai karatu daga Azare

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya raya jariri, ya mayar maka da alherin wayarka. Da na karanta wasiƙarka sai da na maimaita, domin abin da ya same ka kusan shi ne misalin da wani masanin falsafa ɗan Ingila, Derek Parfit, ya kawo a shekarar 1984. Ya ce a ƙaddara motarsa ta mutu da tsakar dare a cikin hamada, ga baƙon direba guda ɗaya tak ya biyo ta hanyar. Ba shi da abin ba shi nan take, sai alkawarin zai saka masa in sun isa gida. Amma a ƙaddara kuma shi mutum ne da ba ya iya yaudara, duk ƙaryar da ya yi sai an gane. To idan shi irin mutumin nan ne da ba ya sakin ko sisi sai ya ga ribarsa, ya san da zarar an isa gida ba zai biya ba, direba kuma zai karanta hakan a fuskarsa, ya ja mota ya bar shi a nan. Wayonsa ne zai kashe shi a hamada.

Maganar abokinka ba ta banza ba ce, kada ka raina ta. Gaskiya ne abin da za ka yi yau ba zai koma baya ya canja daren nan ba. Sai dai ka tuna lokacin da direban ya haska ka da fitila ya dube ka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da yake ƙoƙarin ganowa a wannan daƙiƙar shi ne, wannan mutumin in ya isa gida, ya huta, ba mai ganinsa, zai biya? Wato shawarar da kake yankewa yau ita ce ya yi hasashe a kanta tun wata huɗu. Halin da ya gani a fuskarka da halin da zai sa ka fitar da kuɗin nan ko ka riƙe su, hali ɗaya ne. Ba zai yiwu ka zama wanda ake yarda da shi a kan titi da dare, kuma wanda ke mantawa da safe, sai in ka iya yaudara ƙwarai, direbobin dare kuwa sun ga mutane iri-iri.

Wannan shi ne tushen abin da ɗan yayanka yake nufi. Ni nakan kira shi ciniki marar sanadi. Ɓangarori biyu ba sa aika wa juna saƙo, aikin ɗaya ba ya taɓa ɗayan, amma kowanne ya san yadda ɗayan ke tunani, sai kowa ya cika nasa ɓangaren don ya san wancan ma haka zai yi.

Wani Ba'amurke mai suna Douglas Hofstadter ya gwada abin a kan mutane a 1983, lokacin yana da shafi a mujallar Scientific American. Ya aika wa abokansa 20 wasiƙa iri ɗaya, ya hana su tuntuɓar juna. Kowa zai zaɓi haɗin kai ko zamba, sau ɗaya kawai, sannan a gwama zaɓinsa da na kowanne daga cikin sauran 19. Masu haɗin kai biyu in sun gamu, kowa dala 3. Masu zamba biyu, kowa dala 1. In mai zamba ya gamu da mai haɗin kai, shi ya kwashi 5, wancan ya tashi a tutar babu. Ka lissafa: in duk sun haɗa kai kowa zai samu dala 57, in duk sun yi zamba kowa 19. Hujjarsa ita ce, tunda dukkansu masu hankali ne kuma tambaya ɗaya aka yi musu, amsa ɗaya za su cimma, kamar yadda ɗalibai 20 da suka iya lissafi za su samu amsa ɗaya a jarabawa ba tare da satar amsa ba. In kuwa amsar ɗaya ce, zaɓin ya koma tsakanin 57 da 19.

Mutum 14 suka zaɓi zamba, 6 kawai suka haɗa kai.

Na daɗe ina tunanin wannan sakamako, kuma a ganina ya nuna iyakar nazarin. Ƙarfinsa ya dogara ne ga yadda ka tabbata ɗayan yana tunani irin naka, ko yana iya karanta ka. Shi ya sa wasu masu binciken ƙirƙirarriyar basira, wato AI, suka damu da shi: manhajoji biyu iri ɗaya, ko waɗanda kowacce ke iya karanta yadda aka rubuta ɗayar, za su iya sanin abin da juna za su yi ba tare da saƙo ko ɗaya ba. Wasu sun kai maganar nesa, har zuwa ciniki da halittun da ba za a taɓa haɗuwa da su ba a wasu duniyoyi. A nan ni na tsaya, domin ban ga yadda za ka yi ciniki da wanda ba ka san komai game da tunaninsa ba. Amma kai da direban nan ba haka kuke ba. Harshe ɗaya kuka yi magana da shi, tarbiyya ɗaya ta koya muku cewa alkawari kaya ne. Kuma ba kai kaɗai kake wannan tunani ba. Duk wanda aka taɓa jawo wa mota da dare a kan alkawari, da safe irin tambayarka yake yi wa kansa. In amsar mutane irinka ita ce a manta, to wata rana babbar mota za ta wuce wani da matarsa da jaririnsa ba ta rage gudu ba.

Mu kuma muna da labarin da ya riga duk waɗannan. A cikin Sahihul Bukhari, daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin wani mutum daga Bani Isra'ila da ya ranci dinari 1,000, ba shaida ba mai tsaya masa sai Allah. Ya ƙetare teku, lokacin biya ya yi, bai samu jirgin komawa ba. Sai ya fafe itace, ya zuba dinaran da wasiƙa, ya toshe, ya jefa a teku yana mai danƙa wa Allah. Mai bashi kuwa ya fito bakin teku yana duban ko jirgi ya zo da kuɗinsa, ya ga itacen, ya ɗauka don makamashi, da ya faskara sai ga dukiyarsa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne fitowar mai bashin. Ba wanda ya aiko masa da labari, sanin halin abokinsa ne ya kai shi bakin ruwa. Bambancin wannan da nazarin masana a fili yake, domin a nan akwai Na Uku mai ganin su duka, kuma shi ya isar da amanar. Sannan ka lura, wanda ya ci bashin bai ɗauka cewa ya fita daga bashin ba. Da ya samu jirgi sai ya zo da wasu dinari 1,000 a hannu, mai bashi ya ce masa Allah ya riga ya isar, ya koma da abinsa.

To ga abin da nake ba ka shawara. Ka ware kuɗin yau, kada su zauna cikin na cefane. Idan wayar Android ce, ka shiga asusunka na Google a wata wayar, sau da yawa lambobin da aka ajiye suna nan. In ba a dace ba, ka je wurin shugabannin direbobin manyan motoci a tashar Azare da ta Potiskum, ka kuma bi ta wurin dillalan albasa. Ka faɗi ranar, da lokacin, da launin motar, ka bar lambarka. Direban da ya jawo mota da jariri a ciki da tsakar dare ya ba wani mutum labarin, ina kyautata zato. In ka yi iyakar ƙoƙarinka ba a same shi ba, malamai da dama sun ce a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi, in kuma ya bayyana daga baya a ba shi zaɓi, ko ya amince da sadakar ko a biya shi, ladan ya dawo gare ka. Ka zauna da malamin unguwarku kan tsawon lokacin da ya kamata ka jira. In Allah ya sa an same shi, ka ƙara masa wani abu a kan 20,000 ɗin saboda jinkirin, a matsayin kyauta daga gare ka, ka kuma rubuto mana mu ji.