Amsa ga jikana a kan gani da ji

Jikana, saƙonka ya iso, na karanta na yi dariya, daga baya kuma na yi shiru ina jinjina shi. Ka ce a darasin falsafa an koya muku cewa duk abin da ɗan Adam ya sani ta ƙofar ido da kunne da hanci da harshe da fata ya shigo masa, saboda haka kake tambaya me ya sa a al'adarmu ake ɗaukar rashin kunya ne yaro ya ce wa babba "ta yaya ka sani?", kuma ko wannan bai mai da mu duka jiyau ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne sai da aka biya maka kuɗin jami'a kafin ka ji labarin gani ya kori ji. Abin da ya dame ni kuwa, na san halinka, ina tsoron ka dawo hutu ka tare kawunka a bainar jama'a kana neman hujja.

Mutanen da malaminku ya ambata ba baƙina ba ne, na ci karo da su tun ina kwalejin horon malamai. John Locke, mutumin Ingila, shi ne a littafinsa na 1690 ya ce hankalin jariri farar takarda ce, abin da ya gani ya taɓa shi ke yin rubutu a kanta, saɓanin irin su Descartes na Faransa da suke ganin akwai sanin da ake haifar mutum da shi. Ranar da na fara jin wannan ban ji wani sabon abu ba, domin tun muna makarantar allo muka biya aya ta 78 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ce Ya fitar da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan Ya sanya mana ji da gani da zukata. Ka lura an ambaci zukata tare da sauran, domin akuya ma tana gani.

Amma bari in ba ka labarin daminar 1973, shekarar farin da har yau tsofaffin ƙasar Gumel ba su manta da shi ba. Ina saurayi, na zo gida a ƙarshen bazara. Wani dare hadari ya haɗu a gabas, aka yi iska mai ƙarfi, aka zuba ruwa har ya kwanta a tsakar gida. Kafin rana ta fito gari ya watse zuwa gona, kowa da sunguminsa a kafaɗa, yara na biye da ƙoren iri. Ni ma na ɗauko namu, amma Baffa, wato kakan babanka, ya ce in ajiye irin in biyo shi hannu rabbana. Da muka isa gonar jigawa sai ya durƙusa ya cusa hannunsa cikin ƙasa, ya zaro, ya matsa gaba ya sake cusawa a wuri uku ko huɗu, bai ce da ni uffan ba. Can sai ya kama hannuna ya tura shi cikin ramin da ya yi. Yatsuna suka ratsa danshi mai sanyi, amma tun tafin hannuna bai gama nutsewa ba na ji busasshen rairayi mai ɗumi a ƙarƙashi. Ya dube ni ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To mu tafi gida."

A hanya mutane suna yi masa tsiya, suna cewa tsufa ya sa Malam ya zama rago. Ni kuwa kunya ta ishe ni, ina tafe ina sunkuyar da kai. Geronsu ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke, rana ta ƙwalle mako bayan mako, tsiron ya yi ja ya kwanta. Waɗanda suka zuba irinsu duka sai da suka bi gida gida neman rance kafin a sake shuka. Namu yana nan cikin rumbu.

Kada ka ɗauka labarin cin nasara nake ba ka. Mun yi shuka da ruwa na gaba, wanda danshinsa ya wuce wuyan hannu, kuma duk alamun da Baffa ya dogara da su sun cika: shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan kukar bakin gari, gawo ya zubar da ganye, iska ta juya tana busowa daga kudu maso yamma. Duk da haka ruwan ya yanke gero bai cika ido ba, abin da muka girbe bai kai mu ko tsakiyar rani ba, shanu kuma suka yi ta faɗuwa a hanyar rijiya. Da na ce masa ai shamuwa ta yaudare mu, sai ya ce shamuwa ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin ruwa ba, mu ne dai muka saba ganinsu tare. Ya ce mahaifinsa yakan ce abin da ka gani sau hamsin ya isa ka yi aiki da shi, amma bai isa ka rantse a kansa ba.

Idan malaminku ya kai ku kan David Hume na Sikotland, wanda ya rasu a 1776, za ka tarar da wannan maganar ce a bakinsa. Cewa ya yi idonmu bai taɓa ganin igiyar da ta ɗaure sanadi da sakamako ba, abin da muke gani kawai shi ne wannan ya zo wancan ya biyo baya, sabo ne ke sa mu jira gobe ta yi kama da jiya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga shi kawo misalin wuta da auduga, cewa muna ganin ƙuna a lokacin da suka haɗu, amma gani bai tabbatar da cewa wutar ce da kanta ta aikata ba. Inda suka rabu da nisa, domin Gazali ga ikon Allah ya mayar da al'amarin, Hume kuma ya tsaya a kan ɗabi'ar hankalin mutum. Baffa bai san ɗayansu ba sai Gazali, shi ma a karatun tauhidi na zaure.

Yanzu ka duba kanku. Ƙanenka ya zo nan bara yana gaya mini cewa wayarsa ta ce za a yi ruwa ranar Talata, da na tambaye shi ko ya ɗaga kai ya dubi gabas sai ya yi mini kallon wanda bai waye ba. Ba na raina masu hasashen yanayi, su ma da awo da lura suke aiki, kuma na'urorinsu sun fi idon Baffa hangen nesa. Amma yaron da ya karɓa daga waya bai auna komai ba, kamar yadda kai ma ba ka gwada maganar Locke ba, daga malami ka ji, shi kuma daga littafi. To wane ne jiyau?

Ba zan ɓoye maka ba, akwai manyan da suke fakewa da girma don kada a gane ba su sani ba. Haka aka hana mu cin ƙwai muna yara wai za mu yi sata, ban kuwa taɓa ganin wanda ya zauna ya ƙirga ɓarayin gari ya gano nawa ne suka ci ƙwai ba. Irin wannan ya cancanci tambaya. Sai dai manyan da na sani masu sani ba tambaya suka ƙi ba, amsa da baki ce ba su yarda da ita ba, shi ya sa maƙeri yake barin yaro shekaru a bakin zuga kafin ya miƙa masa guduma.

Batun kawunka kuwa, kada ka kuskura ka tambaye shi a gaban mutane. Idan an ba ku hutu kafin ruwan shuka ka taho, shi ne yanzu yake riƙe da gonar jigawa, ka bi shi da sassafe, kuma ka bar takalmin nan naka mai tsada a gida. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.