Tambaya da Amsa: Ɗaukar mai bincike don tono asalin dangi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun taso muna jin cewa kakan mahaifinmu ya baro Kano fataucin goro, ya zauna Salaga a arewacin Ghana, daga baya 'ya'yansa suka gangaro Kumasi. Wani a Facebook ya ce zai fito mana da salsalarmu har kaka goma cikin mako biyu in muka tura masa kuɗi ta momo, wato ta wayar hannu. Mu tura?
Wata mai karatu, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Manyan shafukan asali irin su Ancestry da MyHeritage an gina su ne kan takardun coci da ƙidayar Turai da Amurka. Abin da suke da shi kan mutanen zango kaɗan ne. FamilySearch kuwa kyauta ne, ɗanki ma zai iya duba miki a waya. Rajistar haihuwa a nan Ghana ta fara a 1912, a 'yan garuruwa kawai, ba ta game ko'ina ba sai da dokar 1965. To wace takarda ce za ta ba shi kaka goma?

Aikin farko naku ne, ba a biyan kowa. Ku zauna da tsofaffi uku ko huɗu, kowa daban, don in an haɗa su babba ne kaɗai zai yi magana. Gwaggo ta fi kawu riƙe wa ya auri wa. A ɗauki murya, a tambayi sunan yanka da laƙabi, unguwar da aka fito a Kano, maigidan da ya sauke shi, malamin da ya karantar da shi. Shekara ba a tambayarta kai tsaye, a ce "kafin yaƙin Salaga ne ko bayansa?" Yaƙin ya auku a 1892, shi ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. A buɗe adakar tsoho kuma: bangon Alƙur'ani, ijaza, wasiƙun ajami, takardar fili, tsohon fasfon hajji.

Sai a nemi mai bincike da zai taka da ƙafarsa zuwa ma'ajiyar takardun gwamnati, wato PRAAD, a Accra da Kumasi da Tamale, da ma'ajiyar fadar Sarkin Asante ta Manhyia, da rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon. Tilas ya iya karanta ajami da rubutun hannun Turawan mulki. Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin akawun Bature yakan rubuta Muhammadu a matsayin Mahama ko Mamadu, Ibrahim ya koma Braimah, Salihu ya koma Salifu. A rajistar soja ma sunan gari ko ƙabila ake liƙa wa mutum, kamar Musa Kano. Wanda bai san wannan ba zai ce babu ku a takarda, ko ya ɗauko wani Mahama can ya manna muku.

Ku yi yarjejeniya a rubuce. Tambaya ɗaya a kowane zango na aikin, misali: wa ya fara mallakar gidanmu na Aboabo, a wace shekara? A yanke kwanakin aiki, a ware kuɗin mota da na kwafi daban, a biya kashi ɗaya cikin uku, cikon sai rahoto ya zo. Kowane suna ya zo da hoton shafin da lambar fayil. Na Accra da yawa suna farawa da ADM ko CSO, na Kumasi da ARG, na Tamale da NRG. Ya rubuta har inda ya duba bai samu komai ba, don kada a sake biyan wani ya bi sawu ɗaya. Wahalarsa ake biya, ba alkawarin sakamako ba. Kada kuma a ba shi ainihin takarda ko hoton katin ɗan ƙasa. Kwafin tsofaffin takardu ya ishe shi.

Tambaya: Gwajin DNA zai nuna mini garin da kakana ya fito?
Wani mai karatu, Nima, Accra

Amsa: A'a, Malam. Yanki zai nuna, ba gari ko gida ba. Amfaninsa shi ne haɗa ka da dangin da su ma suka yi gwajin, har wajen kaka biyar ko shida. Ga wanda danginsa suka rabu lokacin korar baƙi daga Ghana a 1969, wannan yana iya sada shi da 'yan'uwa a Najeriya ko Nijar. Amma a yi shawara da manya kafin a aika yawu, domin gwajin yakan tono maganar uba da ba a nema ba.