Kwat ko kaftani? Amsa ga mai shirin zuwa intabiyu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare: an kira ka intabiyu a Abuja ranar Talata, kana da sabuwar shaddar Sallah amma ba ka da kwat, abokai kuma sun raba maka hankali, wasu na cewa ka ara, wasu na cewa ka tafi da kayanka na gida. Allah Ya sa a dace.

Ba ka faɗi irin wurin ba, alhali can amsar take. Na zauna a kujerar mai amsa tambaya, daga baya na zauna a ta masu yin ta, kuma abin da na lura shi ne, tun kafin ka buɗe baki ana auna ko ka yi kama da mutanen gidan. Don haka ka binciko yadda ma'aikatan wurin suke shiga ranar Litinin. Ka ji na ce Litinin. Kar ka yi awo da Juma'a, domin ran nan har a banki za ka ga manaja cikin kaftani da hula. In banki ne, ko ofishin lauyoyi, ko kamfanin binciken kuɗi, to kwat da laktaye, babu ja. In ma'aikatar gwamnati ce, ko jami'a, ko makaranta, kaftani mai tsabta ba ya rage maka komai, sau da yawa ma shugaban kwamitin shi ya sa. Aikin ɗamara kuwa, takardar gayyata takan faɗi abin da za ka zo da shi, sai ka bi ta.

Batun aro, bari in ba ka labarina. Intabiyuna ta farko a wani banki ce a Kaduna, cikin watan Afrilu, kuma ka san yadda rana take a lokacin. Na ari kwat ɗin mijin yayata, mutumin da ya yi biyuna. Hannun ya haɗiye yatsuna, kafaɗar ta zubo kamar an rataya ta a jikin ƙusa. Ɗan ƙyallen nan mai sunan kamfani da ake liƙawa a bakin hannu, na bar shi, a zatona ado ne. Laktaye kuma maƙwabcinmu ne ya ɗaura mini tun daren, na zare shi ta kai na ajiye da ƙullinsa. Kafin a kira sunana gumi ya gama da ni. Wata mata a cikin masu tambayar ta dube ni ta ce, "Malam, in kwat ɗin ya dame ka kana iya cirewa." Ina halin cirewa, rigar ciki ta jiƙe sharkaf? Ban samu aikin ba. Ba zan ɗora wa kwat laifin duka ba, amma rabin hankalina yana kan naɗe hannu, rabi ne kawai yake amsa tambaya. Ranar na gane zanen aro ba ya rufe katara.

In dole sai kwat, gara ka je gwanjo. In kana Kano, ka leƙa Ƙofar Wambai da wuri. Ka nemi shuɗi mai duhu ko ruwan toka, ka fara duba kafaɗa, domin tela yana rage hannu da ƙugu da tsawon wando cikin sauƙi, amma kafaɗa in ba ta zauna ba, ka ajiye shi ka nemi wani. Rigar ciki fara ko shuɗiya mai haske, bakin hannunta ya ɗan leƙo kamar faɗin yatsa. Maɓallin ƙasa na kwat ba a ɓalla shi. Bakin laktaye ya tsaya a kan bel. Bel da takalmi su zo launi ɗaya, safa mai duhu. Farar safa ta 'yan ƙwallo ce.

In kaftanin za ka sa, to ban ba ka shawarar shaddar Sallah ba in mai walƙiya ce da aiki har cibiya. Yadi mara hayaniya, ɗan aiki kaɗan a wuya, guga mai kyau, hula da ta zauna daidai. Babbar riga ka bar ta sai ka zama darakta. Na taɓa ganin wani yaro ya shigo mana da ita, yaro mai ƙwaƙwalwa kuwa, amma duk amsa ɗaya sai ya ɗaga hannun riga ya aza a kafaɗa, har ya share kofin ruwan shugaban kwamiti ya malale a kan takardu. Mun yi dariya, shi kuwa bai ƙara dawowa daidai ba har aka sallame shi.

Inda 'yan'uwanmu suka fi faɗuwa shi ne ƙafa. Za ka ga ɗinki na kirki a sama, a ƙasa silifas da kaushi. Ko da kaftani, ka sa sau-ciki, ka goge shi.

Gemu ba sai ka aske ba, kar wani ya tsorata ka. Ka je wurin mai aski tun ranar Lahadi a daidaita shi, a gyara gashin baki, ka yanke farce. Turare kuma ka yi hankali: mu mun saba da mai ƙarfi, amma ɗan ƙaramin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki yana riƙe ƙamshi, wani yana da asma, wani ciwon kai yake sa masa. Ɗigo ɗaya ya isa. Goro ka haƙura da shi a safiyar.

Wani abu da tarbiyyarmu take jawo mana: kar ka cire takalmi a bakin ƙofa, kar ka tsuguna. Ka yi sallama ko gaisuwa a tsaye, ka ɗan rusuna, ka jira a nuna maka kujera. In mace ce a kwamitin kuma ba ka musabaha, ka dafa ƙirji da fara'a, an saba gani.

Ka yi guga tun ranar Litinin da rana, kar ka dogara da wuta a daren. In za ka kwana a Abuja, ka sa kayan a leda ka rataye, ka yi tafiyar da wasu. Ka jefa ɗan tsumma a jaka saboda ƙurar hanya, ka goge takalmi kafin ka shiga get. Ka dawo ka faɗa mana irin kamfanin, in banki ne ka turo hoton kwat ɗin a jikinka mu duba maka kafaɗar.