Amsar Dakta ga Sista kan maganar aleji

Salamu alaikum jama'ar gida. Sista, na ji muryarki tun safe, ina zagayen wod ne shi ya sa ban amsa ba. Kika ce ba ganganci ba ne a koya wa nas da likitan da ba fanninsa ba harkar alejin magani, wato jiki ya ƙi karɓar magani, ba gara a riƙa tura su wurin ƙwararre ba? To, wurin wa? Mutumin da maƙogwaronsa ke rufewa ne za ki rubuta wa takardar tura shi asibitin koyarwa? Ni abin da na ji a muryarki, tsoro kike in abu ya ɓaci a ce ke ce. Na gane. Amma wallahi dama a hannunki abin zai faru, tunda ke kika yi allurar.

In aleji ya yi tsanani haka, allurar adirenalin ce maganinsa, Sista. Rabin mil na 1 cikin 1000 ga babba, a tsokar cinya ta gefen waje. Minti 5 bai dawo ba, ki ƙara. Ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafafunsa, kada ki bari ya miƙe wai zai shiga bayi. Wannan sai ƙwararre?

Amma mu, kowa haidrokotizon ya iya, allurar nan ta rage kumburi. Akwai wani dare a inda na taɓa aiki, ba zan faɗi wurin ba, aka yi wa wani magidanci allurar seftiriyazon, kafin a ce kwabo leɓensa ya kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Na iso na tarar an ba shi haidrokotizon, an ba shi Piriton, maganin ƙaiƙayi, an tsaya ana kallonsa. Na ce ina adirenalin? Yana cikin kabad. Ina makulli? Yana aljihun wanda ya tashi aiki tun la'asar. Fasa ƙwaɗon muka yi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Washegari kuwa ni aka kira ofis, wai wa ya ba ni izinin fasa kayan gwamnati. Ƙwaɗo fa! Har kuɗinsa sai da na biya, kuma ba wanda ya tambayi yadda mutumin ya kwana. Kai, mu bar wannan.

Su Ingila tun 2021 majalisarsu ta ceton rai ta cire haidrokotizon daga matakin farko, don sai ya yi awanni kafin ya fara aiki. A'a, bari in gyara, ban ce Piriton ba shi da amfani ba. In borin jini ne kawai a fata, numfashi lafiya, awon jini lafiya, ki ba shi.

Sannan ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci min rai, rubutun kan kati. Mutum ya ce fenisilin ba ya karɓarsa, sai a zana da jan biro, shi ke nan har kabari. Ba wanda zai ce Baba, me ya yi maka? Yaushe? Ashe zawo ya yi bayan ya sha Ampiclox, ɗan gidan fenisilin, shekara 20 da suka wuce. Ko ƙaiƙayin kulorokwin, wanda mu baƙar fata kusan kowane gida an san shi, shi ma aleji ake rubuta masa, alhali ba shi ba ne. A Amurka kusan 1 cikin 10 suna ɗauke da wannan tambarin na fenisilin, in an gwada su sama da 9 cikin 10 lafiya lau suke sha. Ki duba yaro mai sikila da ya kamata yana kan fenisilin kullum, a hana shi saboda ƙurajen da watakila na zazzaɓi ne.

Likitocin Ostireliya sun fito da PEN-FAST a 2020, hanyar auna haɗarin alejin fenisilin, tambaya uku ce. Abin ya faru cikin shekara 5? An samu kumburin fuska, shaƙewa, ko saɓulewar fata? Sai da aka yi masa magani? In amsar e ce, ta farko da ta biyu maki 2 kowace, ta uku maki 1. In makin bai kai 3 ba, ana ba mutumin amoksisilin, ɗan gidan fenisilin, ya sha a gabanki, ki zauna da shi awa guda, adirenalin a kan tebur, ba a kabad ba. Da izinin likita fa, kada gobe wani ya ce Dakta ya ce a gwada a kemis.

Wanda ba a wasa da shi kuwa, mai Septrin ko Fansidar ko Tegretol ko nebirafin da ya zo da zazzaɓi, baki ya fashe, ido ya yi ja, fata na saɓulewa kamar ƙuna. Wannan a tsayar da maganin nan take, a tura shi wurin ƙwararre, har abada ba gwaji. A cike masa takardar nan mai ruwan ɗorawa ta NAFDAC ta kai rahoton illar magani, in dai ba a naɗe ƙosai da ita ba.

Sista, yau kafin ki tashi ki duba kwanan watan adirenalin ɗinku, ki turo min hoto. Maganar yara da awon nasu kuma, yauwa, ana kirana, zan dawo.