Tambayoyin masu karatu: An taɓa waƙar ne, ko kunnena ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tawa, na haura shekara 60. Lokacin da nake bida a Abijan na sayi kaset ɗin Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, mai suna Sgt. Pepper, na zo da shi gida, ina taka keke ina saurare har zarensa ya tsinke. Kwanan baya ɗana ya sauko mini da shi a waya, amma kunnena ya ƙi karɓa. Ganga ta yi ƙarfi, muryar da na saba ji a gefe ta koma tsakiya. Yaron ya ce tsufa ne. Ni ne na manta, ko an taɓa waƙar? Daga mai karatu, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Ka faɗa wa ɗanka kunnenka lafiya lau. An taɓa ta, kuma alamun da ka zayyana na sabon haɗin da aka yi mata a 2017 ne.

Taɓawar iri biyu ce, kuma tunda kai tela ne za ka gane ta da sauri. Akwai rimasta, wato a ɗauko waƙa yadda aka gama haɗa ta, a rage shuu, a daidaita ƙara. Wanki da guga ke nan, riga tana nan yadda ka ɗinka ta. Haka aka yi wa faifan Beatles a 2009. Sai kuma rimiks, inda ake komawa ga zaren ainihi na sitidiyo, a ware murya daban, ganga daban, gita daban, a sake jera su. Wannan warware ɗinki ne a sake haɗa yadin.

Sgt. Pepper ya fito a 1967, an ɗauke shi a Landan da na'ura mai layi 4 kacal. Da ya cika shekara 50, Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi aikin farko, ya sake haɗa shi. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A wancan zamani mawaƙan sun fi ba da hankalinsu ga haɗin mono, mai fita ta lasifika ɗaya. Na sitiriyo, mai fita ta lasifika biyu, wanda ka saba da shi, an yi shi daga baya cikin ɗan lokaci, shi ya sa murya ke maƙalewa a gefe guda. Yau da yara ke toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, wannan rabon yana damun su.

Masu sauraro sun rabu. Wasu sun ce sai yanzu suka ji hannun Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar, a kan ganga da kyau. Wasu sun ce an shiga gonar tarihi, har da masu ƙorafin cewa ƙarar ta yi yawa tana gajiyar da kunne. Ni na saurari duka biyun a ɗakina nan Yamai, kuma sabon ya burge ni a daren farko. Amma tsohon nake komawa gare shi, domin shi yayana yake sakawa a rediyonsa muna yara, kuma ko shuu ɗin kaset ɗin yana cikin abin da nake nema. Abin da ba na yarda da shi shi ne a tura sabo gaba a ɓoye tsoho, har yaro ya tashi bai san akwai wani ba.

Ba na ƙin gyara gaba ɗaya. Kaset ɗin da makaɗi Mamman Sani ya ɗauka a gidan rediyon ƙasa a 1978 kaɗan ne suka mallake shi, sai da kamfanin faifai Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji kiɗan ɗan Nijar.

Ka sa yaron ya duba rubutun da ke jikin sunan faifan a wayar. In ya ga 2017, ya nemo mai 2009, shi ne mafi kusa da kaset ɗinka na Abijan. Kuma kada ka yar da kaset ɗin, Baba. Mai gyaran rediyo zai iya buɗe shi ya liƙa zaren, daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai za ka rasa a wurin tsinkewar.