Me ya sa kwikwiyon da aka yi wa allura ya kamu?

Ɗana, ka tambayi yadda aka yi kwikwiyon mafarauci ya kamu da amai da zawon jini alhali an yi masa rigakafi. Fara da duba katinsa. In allura ɗaya aka yi, aiki bai ƙare ba.

Kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, kuma wannan kariyar ce takan kashe ƙarfin allurar farko. Ba mai sanin ranar da za ta ƙare a jikinsa, shi ya sa ake maimaita DHLPP, wato allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, har da wannan zawon jinin: yana sati 6 zuwa 8, sai a ƙara duk bayan sati 3 ko 4 har ya cika sati 16. Kafin nan kada a bar shi yana bin manya yana shinshinar kashi, don ƙwayar wannan zawo takan yi watanni a ƙasa da ranta. Allurar haukan kare daban take: yana wata 3, sannan duk shekara. Ita kam ban yarda a yi mata jinkiri ba, domin wanda ciwon ya bayyana a jikinsa, kare ko mutum, ba ya tashi.

Sai maganar sanyi, inda na fi jin takaici. Maganin nan tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Celsius yake zama. Ka jefa kwalba a aljihu da bazara, ka hau babur daga Birnin Kebbi zuwa Ambursa, abin da za ka tsira wa kare zai iya zama ruwa kawai, mai shi kuwa ya tafi da sakakkiyar zuciya. Sa ta cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi, ka raba ta da ƙanƙara da guntun kwali, don daskarewa ma tana ɓata ta. Wadda ka riga ka haɗa garinta da ruwanta kada ta wuce awa ɗaya.

Kare mai zazzaɓi ko wanda ya ƙi abinci ba a yi masa. Wanda za a yi wa kuwa, ba shi maganin tsutsar ciki sati ɗaya kafin ranar.

Sabuwar allura ga kowane kare. Ɗaga fatar bayan wuya da yatsu biyu, ka tura adadin da takardar maganin ta ce, yawanci mililita 1. Shafa wurin: in gashi ya jiƙe, allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen, sai ka sake. Riƙe shi rabin awa ko fuska za ta kumbura, ka rubuta ranar dawowa a kati.