An Cire Mahaifar Matata Ba da Izinina Ba: Mene Ne Hukuncinsa?

Tambaya: Malam, daga Unguwar Rogo, Jos nake. An yi wa matata tiyata a haihuwarta ta huɗu, mabiyiya ta manne, jini ya ƙi tsayawa. Ina hanyar Bauci, wayata ba ta shiga, sai yayanta ya sa hannu aka cire mahaifar. 'Yan'uwana na cewa haramun aka yi tunda ban yarda ba. Kuma yaushe za ta fara salla?

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu. Ɗan'uwa, hukuncin yana rataye ne a kan abin da ka faɗa da bakinka: jini ya ƙi tsayawa. Yanke haihuwa dindindin ba da lalura ba haramun ne, babu saɓani. Matarka ba a wannan babin take ba.

Mabiyiya idan ta kutsa cikin naman mahaifa, wanda ya fi faruwa a kan tabon tiyatar baya, ba ta ɓantarewa da kanta, ɓamɓaro ta kuma yana buɗe jijiyoyi. Ga mai cikakken ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti. Likitoci kan fara da allurar tsuke mahaifa, da maganin tsayar da jini, da ƙarin jini, wani lokaci su ɗaure jijiyoyi ko su ɗinke mahaifar su matse ta. In duk sun gaza, saura cirewa ko gawa.

Masu cewa sai da izinin miji hujjarsu ita ce yana da haƙƙi a zuriya. Yana da shi, shi ya sa malamai suka ce ma'aurata su yi shawara kafin tazarar haihuwa. Amma haƙƙinka a 'ya'yan da ba a haifa ba ba zai rinjayi ran da ke gabanka ba, kuma matar da ta mutu ba ta haihuwa. Jikinta amanar Allah ce a hannunta, igiyar aure ba ta mallaka maka shi ba. Da tana cikin hayyacinta, izininta ake nema, ba naka ba. Da ta fita hayyacinta, ko yayan nata bai zama sharaɗi ba: Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa idan rai na cikin haɗari, ceton gaggawa ba ya jiran izini. Kai, da kana tsaye a ƙofar ɗakin tiyata ka hana har ta rasu, kai ne mai zunubi. Je ka gode wa surukinka, ka kuma tsawatar wa masu wannan magana kada ta kai kunnenta.

Salla kuwa, jinin biƙi daga mahaifa yake fita. Idan an cire ta duka, abin da take gani jinin rauni ne, ba za ta ƙirga kwana arba'in ko sittin ba. Ta yi wanka, in ruwa zai cutar da ɗinkin ta yi taimama, ta yi salla a zaune ko a kwance. Amma ku tambayi likita ko an bar bakin mahaifa, domin a tiyatar gaggawa akan bar shi, kuma wasu matan kan ga ɗan jini wata-wata. In haka ta faru ku dawo da bayani.

Kada ka kusance ta sai likita ya ce ɗinkin ciki ya warke, galibi ba ƙasa da mako 6 ba. A hana ta wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, ko da iyaye sun matsa. Jikin da ya zubar da jini haka zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan. Idan nono ya ƙi zuwa sam, ga kasala da jiri, a mayar da ita asibiti, don zubar jini mai yawa kan taɓa wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa nono. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ko fitsari na zuba ba da saninta ba, su ma ba a kwana da su a gida.

Sannan ina roƙonka, kada a ta da zancen ƙarin aure a gabanta yanzu. Halal ne, amma tana jin kamar an rage ta, kuma daga bakinka take jiran ta ji cewa ba haka ba ne.

Wallahu a'alam.